Yadda ake haɗa mai gadin batirin sola da ATmega328P tsura

Abin da ya fi saurin kashe batirin dalma na 12 V shi ne zuƙewa. A bar fitilu da fanka a kansa har gari ya waye, ya sauka ƙarƙaf, gobe a maimaita, jibi a maimaita, kafin shekara ta zagayo ya daina riƙe caji. Kontirolar caji tana da wurin da ake jona kaya don ta yanke su da kanta, amma da yawa daga cikin masu araha sai batir ya sauka ƙasa da 11 V suke yankewa, kuma a lokacin ɓarnar ta riga ta auku. Na'urar da za mu haɗa a nan aikinta ɗaya ne: ta riƙa auna batir, ta cire kaya idan ya sauka zuwa 11.8 V, kuma kada ta mayar da su sai rana ta fito caji ya kama.

Ƙwaƙwalwar na'urar ita ce maikurokontirola, wato ƙaramar ayisi da ke ɗauke da kwamfuta sukutum a cikinta: wurin lissafi, wurin ajiye umarni, da ƙafafun da take aunawa ko kunna abubuwa da su. Za mu yi amfani da ita tsura, ba tare da allon Arduino ba, domin allon kayan gwaji ne na kan tebur, asara ce a rufe shi cikin akwati a rataye a bango.

Wace ayisi za a saya

Arahar ayisi ba a kuɗinta kaɗai take ba. Sai ka haɗa da na'urar da za ka loda mata umarni, da irin wutar da take so, da ko hannunka zai iya liƙa ƙafafunta.

CH32V003 ta kamfanin WCH na ƙasar Sin ta fito a 2022 da farashin da bai wuce kusan senti 10 na dalar Amurka ba. Tana gudu har 48 MHz, tana da 16 KB na ajiyar umarni da 2 KB na RAM. Sai dai ƙafafunta ƙanana ne na liƙawa a saman allo, kuma tana buƙatar na'urarta ta lodi, WCH-LinkE. Ga mai haɗa na'ura ɗari, babu kamarta. Ga mai haɗa ɗaya, kuɗin na'urar lodin ya cinye ribar.

STM32F103C8T6, wadda ake sayarwa a kan shuɗin allon da ake kira Blue Pill, tana da ƙarfi sosai: 72 MHz, 64 KB na ajiyar umarni, RAM 20 KB, da ma'aunin wuta mai bit 12. Da 3.3 V take aiki, kuma kasuwa cike take da kwaikwayonta. ESP8266 da ESP32 na kamfanin Espressif su ne zaɓi idan ana son Wi-Fi, amma suna fizgar ɗaruruwan mA lokacin da suke aika saƙo, ma'aunin ESP32 kuma ba ya tafiya a miƙe, sai an yi masa gyara. Raspberry Pi Pico, mai ɗauke da RP2040, ta fito a 2021 a kan dala 4, kuma ta fi ƙarfin wannan aikin nesa ba kusa ba. ATtiny85 mai ƙafa 8 za ta iya aikin sarai, illa dai ba ta da cikakkiyar hanyar siriyal, wato hanyar musayar bayanai da kwamfuta, a jikinta, ga shi kuwa muna buƙatar ganin lambobi a kwamfuta yayin daidaita awo.

Shi ya sa ATmega328P-PU. Kamfanin Atmel ne ya ƙirƙiro ta, Microchip ya saye kamfanin a 2016, kuma ita ce a kan Arduino Uno. Tana da 32 KB na ajiyar umarni, RAM 2 KB, EEPROM 1 KB, ma'auni mai bit 10, tana aiki da 5 V kai tsaye, wanda ya isa ya buɗe MOSFET, wato makunnin lantarki da zai riƙa kunna kaya da yanke su, ba tare da wani ƙarin kaya ba. Harafin PU a ƙarshen sunan yana nufin doguwar mai ƙafa 28 da ke zama a allon gwaji. Idan mai shago ya miƙo maka AU, wannan ƙaramar mai kusurwa huɗu ce, mayar masa.

Kayan da za a tanada

Na ƙwaƙwalwar kanta: ATmega328P-PU ɗaya da soket ɗinta mai ƙafa 28, kiristal 16 MHz, kafasita biyu na 22 pF, kafasita bakwai na 100 nF, resista 10 kΩ ɗaya. Na wuta: regileta 7805, dayod 1N4007, kafasita 100 µF mai jure 35 V, fis 7.5 A da gidansa. Na awo: resista 150 kΩ da wata 10 kΩ, gara masu kuskuren kashi 1 cikin 100, waɗanda galibi jikinsu shuɗi ne. Na kunna kaya: MOSFET IRLZ44N, resista 220 Ω da 100 kΩ, dayod 1N5408. Sai LED ɗaya da resista 1 kΩ, allon gwaji, allon liƙi mai ramuka, da mita. Don lodi kana buƙatar Arduino Uno ko Nano ɗaya, ko na aro ne, da kafasita 10 µF, da ƙaramar adaftar USB zuwa siriyal mai CH340 ko CP2102, wadda ke da ƙafar DTR a fili.

Duba rubutun jikin ƙananan kafasita tun a shago. Na 100 nF ana rubuta musu 104. Na 22 pF ana rubuta musu 22 ko 220. Wanda aka rubuta wa 223 ya ninka abin da kake nema sau dubu, kuma idan ya hau kan kiristal, kiristal ba zai motsa ba.

Da hunturu, lokacin da iska ta bushe har mutum yana jin tartsatsi idan ya cire riga, wutar da ke taruwa a jiki tana iya huda MOSFET ko ayisi ba tare da ka ji komai ba. Taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga kafin ka ɗauke su, ka kama su ta jiki, ka bar ƙafafun.

Zaunar da ayisi a allon gwaji

A kan ayisin akwai ɗan gurbi kamar rabin wata a gefe ɗaya. Juya shi ya kalli sama. Ƙafa ta 1 tana sama ta hagu, ana ƙirgawa zuwa ƙasa har 14, a tsallaka dama a hau sama daga 15 zuwa 28. Sabuwar ayisi ƙafafunta a ɗan buɗe suke, ka kwantar da kowane gefe a kan tebur ka danna kaɗan su miƙe kafin ka cusa ta a kan ramin tsakiyar allo.

Ƙafa ta 7 da ta 20 su tafi 5 V. Ƙafa ta 8 da ta 22 su tafi GND, wato nagatif. Duka huɗun dole ne. Ta 20 ita ke ciyar da ɓangaren awo, wanda ya manta da ita zai ga ayisi tana aiki amma lambobin da take aunawa shirme ne. Sa 100 nF tsakanin 7 da 8, wani tsakanin 20 da 22, a manne da ayisin, kada waya ta shiga tsakani. Duk sanda ayisi ta sauya ƙafa daga kashe zuwa kunne tana fizgar wuta na ɗan ƙiftawa, waɗannan kafasita ne ke ba ta nan take. Idan babu su, na'ura takan yi aiki lafiya a tebur, ta riƙa sake tashi da kanta da zarar fanka ta kunnu.

Ƙafa ta 1 ita ce RESET. Ja ta zuwa 5 V ta cikin resista 10 kΩ. Kiristal ya zauna tsakanin 9 da 10, daga kowace ƙafarsa 22 pF ya sauka GND, kuma a datse ƙafafun su zama gajeru. Ƙafa ta 21, AREF, a ba ta 100 nF zuwa GND kawai. Wasu zane-zane suna haɗa ta da 5 V. Kada ka bi su a wannan aikin, domin za mu kunna ma'aunin 1.1 V na cikin ayisi, wanda ke fitowa ta wannan ƙafar, kuma 5 V zai danne shi. LED da resistarta ta 1 kΩ su tashi daga ƙafa ta 19 zuwa GND, doguwar ƙafar LED tana ɓangaren ayisi.

Abu ɗaya da ke ɓata wa mutane yini: a dogayen allunan gwaji da yawa, layukan wuta na gefe a yanke suke a tsakiya. Auna da mita daga wannan ƙarshe zuwa wancan, idan babu haɗi ka tsallaka da guntuwar waya.

Sa mata butloda

Ayisi tana fitowa daga kamfani tana gudu da agogonta na ciki, 8 MHz da aka raba gida takwas, wato 1 MHz, kuma ba ta san yadda za ta karɓi umarni ta siriyal ba. Butloda ɗan ƙaramin shiri ne, na Uno bayit 512 ne kacal, da ke koya mata wannan. Wasu masu sayarwa suna kawo ta da shi a ciki, amma sake sawa ba ya cutarwa.

Jona Uno da kwamfuta, buɗe Arduino IDE, wato manhajar rubuta umarni da loda shi, ɗauko misalin da ake kira ArduinoISP ka loda wa Uno. Bayan ya shiga, sai ka sa kafasita 10 µF tsakanin RESET da GND na Uno ɗin, gefen da ke da zanen nagatif yana GND. Aikinsa hana Uno sake tashi lokacin da kwamfuta ta buɗe hanya. Idan ka sa shi kafin lodin ArduinoISP, lodin ba zai shiga ba. Yanzu wayoyi shida: D10 na Uno zuwa ƙafa ta 1, D11 zuwa 17, D12 zuwa 18, D13 zuwa 19, sai 5 V da GND zuwa layukan allo. A Tools zaɓi allo Arduino Uno, a Programmer zaɓi Arduino as ISP, ka lura akwai wani mai kama da shi a jerin, sannan danna Burn Bootloader. Daƙiƙu kaɗan ne. Idan ya yi, LED za ta fara ƙyaftawa.

Wannan mataki yana kuma sauya saitin cikin ayisi da ake kira fiyus, yana gaya mata daga yau ta dogara da kiristal na waje. Daga nan, idan ka cire kiristal ko ya ƙi motsi, ayisin za ta yi shiru kamar matacciya, ko na'urar lodi ba za ta amsa wa ba. An zubar da lafiyayyun ayisi da yawa saboda wannan. Mayar da kiristal da kafasitansa daidai, za ta farka.

Idan aka ce maka Device signature = 0x000000, ayisin ba ta amsa ba sam: duba wuta a 7 da 20, duba ko ka musanya 17 da 18, duba kiristal. Idan kuwa ta amsa da wata lamba amma aka ce ana sa ran 1E 95 0F, to abin da ke hannunka ba 328P ba ce. Lambar 1E 95 14 ta ATmega328 ce marar P. Tana aikin nan daidai, sai dai ka saka ƙarin kunshin MiniCore a IDE ka zaɓe ta da sunanta.

Lodi ta siriyal

Cire wayoyin Uno. TX na adafta ya tafi ƙafa ta 2, RX ya tafi ƙafa ta 3. A gicciye suke, bakin wannan zuwa kunnen wancan. GND da GND, 5 V da 5 V, sannan DTR ya bi ta cikin 100 nF zuwa ƙafa ta 1. Wannan kafasita ne ke taɓa RESET na ɗan lokaci don butloda ta saurara. Loda misalin Blink tukuna. Idan LED tana kunnuwa daƙiƙa ɗaya tana mutuwa daƙiƙa ɗaya, agogo daidai yake. Saƙon not in sync: resp=0x00 kusan kullum ɗayan uku ne: TX da RX ba a gicciye ba, babu kafasitan DTR, ko an zaɓi tashar COM da ba ita ba. Idan kwamfuta ba ta ga adaftar ba ma, saka direban CH340, ka kuma canja kebul, don da yawan kebul ɗin caji babu wayoyin bayanai a cikinsu.

Wuta daga batir

Daga fozitif na batir, fis ne farko, kusa da kan batirin iya yadda za ka iya. Batirin sola yana iya tura ɗaruruwan amfiya cikin wayar da ta haɗu da 'yar'uwarta, roba ta kama wuta kafin ka kai hannu. Bayan fis, reshe ɗaya ya tafi kaya, ɗaya ya bi ta 1N4007, zanen azurfarsa yana kallon regileta, ya shiga 7805. Idan rubutun 7805 yana kallonka ƙafafu a ƙasa, hagu shiga ce, tsakiya GND, dama fita. Sa 100 µF da 100 nF a shiga, 100 nF a fita. Auna fitar da mita kafin ka kai ta ga ayisi, ka ga tsakanin 4.8 da 5.2 V.

Regileta 7805 tana ƙona rarar wuta ne ta zama zafi. Da rana batir yana kai wa 14.4 V, a cire na dayod, a cire 5, saura kusan 8.7 V. Ayisi da LED da ita kanta regiletar suna jan wajen 20 mA, zafin bai kai rubu'in wat ba, babu damuwa. Amma idan ka rataya mata rile, wato makunni mai maganaɗisu, na 5 V mai jan 70 mA, zafin ya doshi wat ɗaya, kuma a ɗakin kwano cikin watan Afrilu za ta yi zafin da yatsa ba zai zauna a kanta ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa muka ɗauki MOSFET.

Wannan 20 mA ɗin kusan rabin Ah ne a yini. Ga batirin 100 Ah ba komai ba ne. Ga ƙaramin batirin 7 Ah kuwa, na'urar za ta ci gaba da tsotsarsa bayan ta yanke kaya, don haka a can gara LP2950 mai 5 V, wadda cinta na kanta bai kai 1 mA ba a irin wannan ƙaramin aiki. Jerin ƙafafunta daban ne da na 7805, duba takardar kamfani kafin ka dasa.

Auna batir

Ƙafar ayisi ba ta ɗaukar abin da ya wuce wutar da ake ciyar da ita, don haka sai an rage 12 V. Resista 150 kΩ ta tashi daga fozitif, bayan fis amma kafin dayod, ta zo ƙafa ta 23, wato A0. Daga ƙafa ta 23, resista 10 kΩ ta sauka GND, da 100 nF a gefenta. Jimlarsu 160 kΩ, ƙafar tana ganin kashi ɗaya cikin 16 na ƙarfin batir. Batir mai 12 V zai bayyana a matsayin 0.75 V, kuma ma'aunin 1.1 V zai iya karanta har 17.6 V. An raba wannan gida 1024, kowane mataki kusan 0.017 V. Resistocin suna jan 75 µA kacal. Idan ka ɗauki awon bayan dayod, za ka rasa kusan 0.7 V, kuma wannan ragin yana sauyawa da zafi.

Me ya sa 1.1 V na ciki, ba 5 V ba? Domin 5 V na regileta yana ɗan motsi da zafi da nauyin kaya, duk motsinsa kuma yana shiga cikin awo. Na ciki ya fi tsayawa wuri ɗaya. Aibinsa shi ne kowace ayisi da nata: kamfani ya ce yana iya kasancewa ko'ina daga 1.0 zuwa 1.2 V. A kan batirin 12 V wannan ya haura bolt ɗaya na kuskure, alhali tsakanin cikakken batirin dalma da ya huta, wajen 12.7 V, da wanda ya sha rabi, wajen 12.1 zuwa 12.2 V, rabin bolt ne kawai. Na'urar da ba a daidaita ta da mita ba, ba a san abin da take gadi ba. Za mu zo kan daidaitawar.

MOSFET

Karanta sunan da kyau: IRLZ44N, da L. Ɗan'uwansa IRFZ44N ya fi yawa a kasuwa saboda masu gyaran inbata, kuma za a ce maka duk ɗaya ne. IRFZ44N yana son wajen 10 V a ƙofarsa kafin ya buɗe sosai. Da 5 V rabin buɗewa yake yi, fitila za ta kama, ka ɗauka komai lafiya, shi kuwa yana dahuwa. IRLZ44N a 5 V turjiyarsa kusan 0.025 Ω ce. A 3 A zafinsa bai kai rubu'in wat ba, a 5 A ya ɗan haura rabin wat, nan sai a ɗaura masa ɗan ƙarfen sanyaya.

Rubutu yana kallonka, ƙafafu a ƙasa: hagu G, wato ƙofar, tsakiya D, dama S. Ƙafa ta 15 ta ayisi, wato D9, ta bi ta 220 Ω zuwa G. Daga G, 100 kΩ ta sauka GND, don MOSFET ya zauna a rufe yayin da ayisi ke tashi. S ya tafi nagatif na batir da waya mai kauri, D ya karɓi nagatif na kaya, fozitif na kaya kuma yana kan fis. Idan akwai fanka ko famfo, gicciya 1N5408 a kan kayan, zanensa yana ɓangaren fozitif, domin motar da ke juya su tana harbo wuta baya idan aka yanke ta.

Tunda nagatif muke yankewa, duk wata hanya da nagatif na kaya zai koma batir ba ta MOSFET ba, ta rushe aikin. Wannan ya haɗa da ƙarfen sanyaya: bayan 7805 GND ne, bayan MOSFET kuwa D ne. Ka ɗaura su a ƙarfe ɗaya babu abin rabawa, kaya ba za su taɓa mutuwa ba. Inbata kuma kada ta zo nan ko kusa. Mai 1000 W tana jan sama da 80 A daga 12 V. Wannan na'urar ta fitilun LED ce, da fankar DC, da cajar waya, jimla kada ta wuce 5 A.

Umarnin

```
const byte MAKUNNI = 9;
const byte ALAMA = 13;
const float NINKI = 0.01719;
const float YANKE = 11.8;
const float MAYAR = 13.0;
bool kunne = false;
byte kirga = 0;

float auna() {
  long jimla = 0;
  for (byte i = 0; i < 32; i++) {
    jimla += analogRead(A0);
    delay(2);
  }
  return jimla / 32.0 * NINKI;
}

void setup() {
  pinMode(MAKUNNI, OUTPUT);
  pinMode(ALAMA, OUTPUT);
  Serial.begin(9600);
  analogReference(INTERNAL);
  auna();
  delay(200);
  kunne = auna() > 12.2;
}

void loop() {
  float v = auna();
  bool ketare = kunne ? (v < YANKE) : (v > MAYAR);
  if (ketare) kirga++; else kirga = 0;
  if (kirga >= 10) {
    kunne = !kunne;
    kirga = 0;
  }
  digitalWrite(MAKUNNI, kunne);
  digitalWrite(ALAMA, kunne);
  Serial.println(v);
  delay(1000);
}
```

An rubuta kirga da ketare da k marar lanƙwasa da gangan. Idan ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ a sunan da ke cikin umarni, IDE za ta tsaya da ƙorafi irin stray '\306' in program. A cikin bayanin da ke bin alamar // kuwa, rubuta Hausarka yadda kake so.

Awon farko a setup zubar da shi ake yi, saboda bayan an koma ma'aunin ciki, kafasitan AREF yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya sauka 1.1 V. Ana haɗa awo 32 a raba don a share ƙananan tsalle-tsalle.

Tazarar da ke tsakanin 11.8 da 13.0 ita ce zuciyar aikin. Batirin da aka sauke wa kaya yana farfaɗowa da kansa, cikin mintuna ya koma 12.1 ko 12.3 V ba tare da ya samu ko ɗigon caji ba. Da a ce iyaka ɗaya ce, na'ura za ta yanke, batir ya ɗago, ta mayar, ya faɗi, haka za a kwana fitila na ƙyafta ido. Batirin dalma da ya sha ba ya kai wa 13.0 V sai ana cajinsa, shi ya sa nan ne wurin mayarwa. Ƙirga goma kuwa don fanka da famfo ne: suna fizgar wuta sosai lokacin tashi, batir ya nutse na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya dawo. Sai an yi awo goma a jere a ƙasa da iyaka ake yankewa, ko ɗaya ya haura a koma sifili.

Waɗannan lambobi na batirin dalma ne, na ruwa ko na jel. Batirin LiFePO4 yana zama wajen 13 V kusan duk tsawon aikinsa sannan ya faɗi farat ɗaya, kuma yana da allon kariyarsa a ciki. Kada a ɗora masa su.

Daidaitawa da gwaji

Jona na'ura da batir. Daga adafta, GND da TX da RX da DTR kawai za su shiga, cire wayar 5 V ɗinta, kada wuta biyu su yi karo a layi ɗaya. Buɗe Serial Monitor a 9600, ɗora mita a kan kawunan batirin kansu. A ce mita ta nuna 12.46, allo yana nuna 12.74. Raba na mita da na allo, ka ninka da tsohon NINKI: 12.46 ÷ 12.74 × 0.01719, ya ba da 0.01681. Rubuta sabon, sake lodi, su biyun su yi daidai da bambancin da bai wuce 0.03 V ba. Lambar ta wannan ayisin ce da waɗannan resistocin, idan ka canja ɗaya a cikinsu sai an sake. Mita mai raunin batir takan nuna sama da gaskiya, sa mata sabo kafin wannan aikin.

Ba sai ka jira batir ya sha ba kafin ka ga yankewa. Jera 1N4007 biyu a kan wayar fozitif da ke shiga na'urar, ka tsallake su da guntuwar waya, ka sa ƙaramar fitila ɗaya a matsayin kaya, sannan ka jona batir fitila ta kama. Cire guntuwar wayar, kowane dayod zai ci kusan 0.7 V, allo zai nuna wajen 11.3, bayan kamar daƙiƙa goma sha ɗaya fitila ta mutu. Mayar da guntuwar wayar ba tare da ka yanke wa na'urar wuta ba, fitila ta ci gaba da zama a mace. Jona caja ko sola, da zarar an haura 13.0 na daƙiƙu goma, ta dawo.

Idan awo yana faɗuwa sosai duk sanda aka kunna kaya alhali mita a kan batir ba ta nuna haka ba, wutar tana ɓacewa ne a waya. Ba GND na ayisi wayarsa daban har kan batir, kada ya raba hanya da nagatif mai ɗaukar kaya, kuma wayoyin kaya su kai 1.5 mm².

Mayar da shi na dindindin

Allon gwaji ba ya jure ƙura da jijjiga, ramukansa kuma ba na amfiya biyar ba ne. Koma allon liƙi. Liƙa soket tukuna ba tare da ayisi a ciki ba, gurbin rabin watansa yana kallon inda na ayisin zai kalla. Kiristal da kafasitocin 100 nF su matso jikin soket kamar yadda suke a gwaji. Idan allon mai dogayen layukan tagulla ne, yanke layukan da ke ƙarƙashin soket, in ba haka ba ƙafa ta 1 za ta haɗu da ta 28, ta 2 da ta 27, har ƙasa. Hanyar D da S ta MOSFET a kwantar mata da wayar tagulla a cika da dalma, siririn layin allo shi kaɗai zai ƙone. Bar ƙafafu huɗu a fili na GND da TX da RX da DTR, don ranar da za ka so sauya iyaka.

Kafin ayisi ta shiga, jona batir ka auna cikin soket: 5 V a rami na 7 da na 20, sifili a 8 da 22, wajen 0.78 V a rami na 23 idan batir yana 12.5 V. Idan ka ga 12 V a 23, resistar ƙasa ba ta kama GND ba. Cire batir, gyara, sake aunawa, sannan ka danna ayisi a gurbinta. Sake daidaita NINKI a kan sabon allon, rufe cikin akwatin roba mai 'yan ramuka ta ƙasa, ka kafa shi gefe da batir, ba a samansa ba, domin tururin batirin ruwa yana cin tagulla.